Kurakuran da ke kashe talibambam na teku a tanki, musamman mu nan Kebbi

Duk wanda ya taso bakin gulbi, ko Argungu ko Yauri, ya san talibambam, kifin nan da in an taɓa shi sai ya kumbura kamar ƙwallo yara su yi ta dariya. To wanga da nake magana ɗan uwanshi ne amma na teku, jikinshi duk dogayen ƙaya kamar na beguwa, masana na ce mishi Diodon holocanthus. Kuma kuskuren farko daga nan yake farawa, mutum ya ce ai talibambam ne mun saba da shi. A'a malam. Namu na ruwan daɗi ne, haƙoranshi huɗu, shi ko wanga biyu ne sama da ƙasa kamar bakin aku, kuma ruwan da zai zauna ciki kai za ka haɗa shi da hannunka tunda mu da teku sai dai a talabijin. Ni na farko da na sayo daga Legas bai rufa sati biyu ba, laifina ne tsaf, shi ya sa nake wannan bayanin.

Maganar gishiri. Wallahi na ga wanda ya zuba gishirin miya, wani ma har da manda wai ta fi ƙarfi. Ruwan teku ba ɗanɗanon gishiri kawai ba ne, akwai magnesiyam da kalsiyam da abubuwan da ke riƙe pH, wato awon tsamin ruwa, tsakanin 8.1 da 8.4, gishirin kicin ba shi da su. Na musamman ake saye irin su Instant Ocean ko Red Sea, wajen giram 35 a kowace lita, a motsa a durom daban da famfon lantarki mai juya ruwa ya kwana, sannan a auna da rifiraktomita, na'urar auna gishirin ruwa, a ga 1.020 zuwa 1.025. Kar ka auna da harshe, kuma kar ka taɓa zuba garin gishirin kai tsaye kifi na ciki. Shi kanshi ruwan da za ka haɗa, na bohol da na famfo ba ka san mi ke ciki ba, ka samu na'urar tacewa ta RO ka huta.

Sai gaggawa, ita ta kashe nawa. Na cika tanki ranar Juma'a, Litinin na saka kifi, ruwa garau kamar na sha, ashe garau ɗin ba ya nufin komai. Kashin kifi da ragowar abinci na zama amoniya, ita kuma tana ƙona mishi sassan da yake numfashi da su, sai an samu wasu ƙwayoyin bakteriya sun zauna a duwatsu da matata suna mayar da ita nitirait, wasu kuma su mayar da nitirait nitirat wanda shi da sauƙi. Kafin su yi yawa sai sati 4 zuwa 6, babu dabarar da za ta mai da shi kwana uku. Abin da za ka yi ka jera dutsen teku, ka jefa ɗan yankin ɗanyen jatan lande ya ruɓe ciki, ka dinga gwada ruwan da kayan gwaji duk bayan kwana biyu, za ka ga amoniya ta hau ta sauka, nitirait ya hau ya sauka, ranar da su biyun suka tsaya a 0 to ranar kake da tanki, kafin nan kwandon gilas ne da ruwa. Nitirat kuma a riƙe shi ƙasa da 20 a awon kayan gwajin ta hanyar canza kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na ruwan duk sati ɗaya ko biyu.

Girman tanki ma mutane na yaudarar kansu, saboda ana kawo shi ɗan ƙarami da manyan idanu kamar jariri. Yana kai santimita 30 a tanki, ga ci ga ƙazanta. Lita 600 zuwa 700 ake magana, wato jarka 24 mai lita 25 ko fiye, gishirin cikawa na farko kaɗai ya kai kilo 21, nauyi kuma ya wuce kilo 600 don haka teburin falo ba zai ɗauka ba, a sa mai walda ya yi ƙafa ta kirki. Kuma a haɗa da sikima, na'urar nan da ke tada kumfa tana kwashe datti kafin ya ruɓe.

Yanzu ga namu na gida wanda masu bayani daga Turai ba su cika damuwa da shi ba, zafi da wuta. Kifin na son digiri 24 zuwa 27. Birnin Kebbi a watan Afrilu kowa ya san yadda take, waje ya haura 40, ɗaki mai kwano kuwa ba a magana, ruwan tanki sai ya bi ɗakin, kuma ruwa in ya yi ɗumi iskar da ke cikinshi raguwa take. To a haɗa da ɗaukewar wuta famfo ya tsaya, cikin 'yan awoyi za ka ga kifi ya taso sama yana haki, bakteriyan da ka yi wata guda kana reno su ma su fara mutuwa. Ni a ganina wanda bai da sola da inbata da za su riƙe famfunan dare da rana, ya haƙura da wanga kifi, ya kiwata tarwada, ba zagi ba ne. Ka ajiye ƙaramin famfon iska mai batir na ko-ta-kwana, ka sa tankin a ɗakin da ya fi sanyi nesa da taga, fanka na hura saman ruwan, in da hali na'urar sanyaya ruwa. Robar ƙanƙara a rufe tana yawo a cikin tankin tana ceto na rana ɗaya, amma ba tsari ba ne. Da hunturu kuma daren Disamba da Janairu sai ka buƙaci hita, a sa mata kariya ko a ɓoye ta don yana cizon duk abin da ya gani har waya.

Fankar nan na jawo wani kuskuren. Ruwa zai dinga ƙafewa kullum, sai mutum ya cike da ruwan gishiri. Ruwa ne ya tafi, gishirin na nan, in ka ƙara mai gishiri awo zai yi ta hawa. Ciko da ruwan RO zalla, mai gishiri sai ranar canji.

Abinci. Haƙoranshi ba su daina tsiro, a teku ƙaguwa da dodon koɗi yake farfasawa suna goge su. In ka ba shi abu mai laushi kullum sai baki ya yi tsawo ya kasa ci, ƙarshe sai an yanke mishi, aikin da ba ka so ya same ka. Ka ba shi ɗanyen jatan lande da ɓawonshi, ƙafar ƙaguwa, duk mai ɓawo mai tauri, kana sauyawa don abinci iri ɗaya kullum musamman ƙananan jatan landen nan busassu na gwangwani na iya sa haɓarshi ta ƙage. Busasshen kirefish na miya da ke kasuwa ba nashi ba ne. Da hantsaki za ka miƙa ba da yatsa ba. Kuma mayaudari ne, in ya gane ka da ka shigo zai zo gaban gilas yana rawa har ya feso ma ruwa, kar ka biye mishi, babba sau 3 ko 4 a sati ya ishe shi.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne masu tsokanarshi ya kumbura don baƙi su ɗauki bidiyo. Kumburin nan tsoro ne ba wasa ba. Cikin ruwa, ruwa yake haɗiya ya fitar, amma in ka ɗaga shi da koma ya haɗiyi iska tana iya maƙalewa ya yi ta yawo a sama kamar balan-balan har ya mutu, ga ƙayoyin na sarƙewa a koma. In za ka matsar da shi ka kora shi cikin roba a ƙarƙashin ruwa ka ɗaga da ruwan.

In ka ga fararen ɗige kamar an barbaɗa mishi gishiri, cuta ce, amma kar ka ruga ka zuba maganin da ke da jan ƙarfe, danginsu ba su jure shi sosai. A kai shi tankin jinya daban a sauke gishiri a hankali zuwa 1.009, da rifiraktomita mai kyau ba ƙiyasi ba. Abokan zama kuwa, jatan lande da ƙaguwa na ado da ƙananan kifi duk abinci ne a wajenshi, shi kaɗai ma ya wadatar.

Kuma a ja wa yaran gida kunne, ba kifin suya ba ne, danginsu na da guba wadda dafuwa ba ta kashewa. In ƙaddara ta faɗa ya mutu a haƙa rami a binne shi, kar a wurga bayan gida kyanwa ko kaji su samu.