Yadda ake neman tallafin kuɗi don yaɗa wata mazhabar falsafa

Wanda ya riƙi wata mazhabar falsafa da gaske, ko ta Sitoyik ce mai koyar da haƙuri da mallakar kai, ko ta masu cewa a auna taimako a kai shi inda zai fi amfani, wata rana zai tarar cewa ƙwazo kaɗai ba ya biyan kuɗin zauren taro ko na buga littafi. Akwai gidauniyoyin da ke ba da kuɗi don irin wannan aiki. Sai dai abin da suke biya shi ne aikin da za a gani a ƙirga. Yarda da aƙidar, komai zurfinta, kowa da ke cikin layin masu nema yana da ita.

Fara da tantance irin kuɗin da kake buƙata, domin iri uku ne kuma ƙofofinsu daban. Akwai tallafin karatu, wanda ake ba ɗalibi shi kaɗai. Misali, Institute for Humane Studies, da aka kafa a 1961 kuma take jami'ar George Mason a Amurka, tana tallafa wa ɗaliban manyan digiri masu bincike kan ra'ayin 'yancin kowane mutum ya tafiyar da rayuwarsa. Akwai tallafin aiki guda mai farko da ƙarshe, kamar fassara, taron bita ko jerin laccoci. Ƙungiyar masana falsafa ta Amurka, APA, tana ba mambobinta irin wannan, har zuwa dala 5,000. Na uku shi ne tallafin gina ƙungiya, wanda zai iya haɗawa da albashin mai shirya al'amura. EA Funds, ta masu ra'ayin kai taimako inda zai fi amfani, wadda ta fara aiki a 2017, ta ware ɗaya daga cikin asusunta don wannan. Mai neman kuɗin makaranta da ya cika fom ɗin gina ƙungiya, tun a tacewar farko za a ajiye takardarsa.

Kafin ka rubuta ko layi ɗaya, ka binciki abin da gidauniyar ta taɓa biya. Nan ne mafi yawan masu nema suke yin ƙwauron lokaci, alhali nan ribar take. Bayanin manufa da ke shafin gidauniya faɗi gare shi, kowa zai ga kansa a ciki. Gaskiyar tana cikin takardun haraji. Dokar Amurka ta wajabta wa kowace gidauniya mai zaman kanta ta cika fom 990-PF duk shekara, kuma a cikinsa akwai jerin waɗanda aka ba kuɗi, nawa aka ba su, da dalili. Ana karanta shi kyauta a shafin intanet na Nonprofit Explorer, na kafar labarai ta ProPublica. A Birtaniya kuwa, shafin GrantNav yana tara bayanan tallafin gidauniyoyi da yawa. Ka ɗauki jerin shekaru 2 na baya, ka jera adadin daga ƙarami zuwa babba, ka duba wanda ya faɗo tsakiya. Buƙatarka ta farko kada ta wuce shi. Ka kuma duba ko akwai ƙaramar ƙungiya ko mutum ɗaya a jerin. Idan duk jami'o'i ne, to sai ka nemi jami'ar da za ka shiga ƙarƙashinta.

Manyan gidauniyoyi sukan raba neman gida biyu. John Templeton Foundation, da aka kafa a 1987, tana karɓar gajeren bayani ta intanet tukuna, sai wanda ta gayyata ne ke tura cikakkiyar takarda. Daga bayanin farko zuwa shigowar kuɗi watanni ne masu yawa, don haka kada ka sa ranar taro da za ta zo kafin hukunci.

Ita takardar, kuskuren masu son falsafa kusan ɗaya ne: sai su cinye shafi biyu suna kare mazhabar. Mai karantawa ya riga ya san ta, wataƙila ma ya fi ka. Dubi wannan jimla: "Za mu wayar da kan matasa game da hikimar Sitoyik." Ba wanda zai iya cewa an yi ko ba a yi ba. Ga wata: "Za mu buɗe da'irar karatu 3, kowace da mutum 12, a haɗu sau ɗaya a mako na tsawon mako 10, sannan mu horar da mutum 4 daga cikinsu su jagoranci zagaye na gaba ba tare da mu ba." Wannan ana iya ƙirga ta, kuma ta nuna abin da zai rage bayan kuɗi sun ƙare. Idan ka taɓa yin ƙaramin gwaji da aljihunka, kawo adadinsa yadda yake, har da waɗanda suka fara zuwa suka daina. Mutum 20 suka fara, 9 suka kai ƙarshe, kuma ga abin da za ka gyara: wannan ya fi gamsar da mai tantancewa fiye da cewa kowa ya ji daɗi.

Kasafin kuɗi ya kasance layi-layi, kowane layi da yadda aka lissafa shi: adadi, sau nawa, kuɗin guda. Ka sa ladan lokacinka. Mutane da yawa suna jin nauyin yin haka, su ce ai don aƙida suke yi, sai a wata na biyar neman abinci ya janye su, aikin ya tsaya. Ka duba iyakar da aka sa wa kuɗin gudanarwa, kuma idan za a biya ka da kuɗin wata ƙasa, ka tambaya tun farko wa zai ɗauki asarar canji da cajin banki.

Sai batun ta ina kuɗin za su bi. Gidauniyar Amurka da za ta ba ƙungiyar waje tallafi tana bin ɗayan hanyoyi biyu: ko ta tabbatar cewa ƙungiyar daidai take da ƙungiyar agaji ta Amurka, abin da ke buƙatar takardun rajista, tsarin mulki da bayanan kuɗi na shekarun baya, ko ta ɗauki alhakin bin diddigin kowane kashewa, ta sa a ware kuɗin a riƙa kawo rahoto. Idan ba ka da rajista, mafita ita ce wata ƙungiya mai rajista ta karɓa a madadinka, ta cire kasonta, wanda yakan kama daga kashi 5 zuwa 10 cikin 100. A rubuta yarjejeniya: wa ke sa hannu, cikin kwana nawa ake sakin kuɗi, kuma wa ke da mallakar abin da aka wallafa. Ka sani kuma irin wannan kuɗi haramun ne a yi wa ɗan takara yaƙin zaɓe da su, ko da ra'ayinsa ya zo ɗaya da mazhabarka.

Kada ka jingina da bango ɗaya. A watan Nuwamba 2022 kamfanin FTX mai hada-hadar kuɗin kirifto ya durƙushe, asusunsa na ba da tallafi, Future Fund, ya rushe tare da shi. Waɗanda aka yi wa alƙawari ba su samu ba, wasu da suka riga suka karɓa ma an nemi su mayar. Saboda haka kada ka ɗauki ma'aikaci ko ka kama haya bisa alƙawarin baki ko saƙon imel. Jira kuɗi su shiga asusu. Ka kuma karanta sharuɗɗan da kyau ka ga ko akwai wanda ya ba mai tallafi ikon duba rubutunka kafin ya fita. Mazhabar da ba a yarda a yi mata tambaya ba, ta daina zama falsafa, kuma masu zuwa da'irarka za su gane tun kafin ka gane.

Ranar da kuɗi suka shigo, buɗe babban fayil guda: hoton kowane rasit a ranar da aka karɓe shi, takardar sa hannun mahalarta, da kwanan watan kowane rahoto. Idan kana son ɗauke kuɗi daga wani layin kasafi zuwa wani, nemi izini a rubuce kafin ka taɓa su. Duk wanda kuma ya ce ka turo kuɗin fom ko na sakin tallafi kafin a ba ka, ɗan damfara ne. Rufe saƙon, ka koma shafin gidauniyar na ainihi ka duba ko shirin ma yana nan.