Kurakuran da muke yi in za mu faɗi ra'ayi kan albam ko fim

Daren Alhamis muna zaune a fadarmu, wato majalisar hirarmu, ta unguwar Zango, shayi na biyu yana kan gawayi, sai ƙanena ya miƙo mini waya. "Yaya, ji nan. Wallahi yaron nan ya ƙare, sabon albam ɗinsa shirme ne." Na tambaye shi waƙa nawa ce a ciki, ya ce goma sha biyu. Na ce nawa ka saurara? Sai ya hau sosa ƙeya. Ashe wani guntu ne na sakan talatin ya gani a TikTok, da shi ya yanke wa aikin shekara guda hukunci.

Abin yana damuna, domin ina son rap, kuma na san wahalar da samarinmu na Damagaram ke sha kafin su tara kuɗin sutudiyo. In ka yi magana sai a ce maka ra'ayi riga, kowa da irin tasa. Gaskiya ne, amma ko riga ce sai ka juya ta ka duba ɗinkin kafin ka ce tela bai iya ba.

Kuskure mafi yawa shi ne wannan na ƙanena. Albam ba tarin waƙoƙi ba ne da aka zuba a buhu ɗaya. Mawaƙin da ya san aikinsa yana tsara wadda za ta buɗe, da wadda za ta huce zafin ta gabanta, da wadda za ta rufe. Sau da yawa waƙar da ake yawo da ita a WhatsApp ita ce ta jan kasuwa, maganar da ke cin ran mawaƙin kuwa tana can a ta bakwai ko ta tara, inda ba kowa ke kaiwa ba. Maganin abin mai sauƙi ne: saurara daga farko zuwa ƙarshe bisa jerin da aka yi, ka bari ya kwana, ka sake. Ka kuma daina dogara da lasifikar waya. Ƴar ƙaramar lasifikar nan ba ta iya fitar da sauti mai kauri na ƙasa, wanda shi ne ƙashin bayan kiɗan rap. Ka ji waƙa a wayar da ke kan tabarma, ga kabu-kabu na wucewa, ga musun ƙwallo, sannan ka ce kiɗan ba shi da nauyi? Sa abin ji a kunne tukuna. In kuma waƙar ta bi ta hannu goma, an ciro ta daga bidiyo an sake turawa, to abin da ya iso gare ka ya riga ya sha ruwa.

Sai na biyu, wanda a wurina ya fi kowanne muhimmanci: "ya yi" da "bai yi ba" ba tare da dalili ba. Waƙar rap abu huɗu ce aƙalla a dunƙule. Akwai kiɗa, akwai kalmomi, akwai yadda mawaƙi ke zuba kalmomin a kan kiɗan, akwai kuma haɗin sauti na sutudiyo. Kowanne yana iya kyau ɗan'uwansa ya lalace. In muryar ta nutse cikin ganga har ba ka jin me ake cewa, laifin mai haɗa sauti ne. In kalmomin na da ma'ana amma suna tuntuɓe, matsalar zubi ce. Gwada wannan: ka riƙa ƙirga bugu, ɗaya, biyu, uku, huɗu, ka koma. Kowane huɗu layi ɗaya ne, kuma baitin rap da aka saba yakan kai layi 16. Da ka iya wannan ƙirga za ka fara jin inda mawaƙi ya cusa kalmomi fiye da yadda layin zai ɗauka, da inda ya bar fili da gangan don magana ta zauna.

Mu masu Hausa muna da wani ma'auni a kunnenmu da ba mu cika amfani da shi ba. Harshenmu yana da karin sauti da tsawon wasali. Garin da ake zaune a ciki daban, garin tuwo daban. Kukan yaro daban, kukar miya daban. Mawaƙin da ya murɗe kalma don ta dace da kiɗa har kukar miya ta koma kukan yaro, ya yi kuskuren da za ka iya nunawa da yatsa. Haka wanda duk amsa-amonsa "zuwa, dawowa, tahowa, komowa" ne: ya bi hanya mafi arha, domin kalmomin da ke ƙarewa da "wa" sun fi a ƙirga. Ka faɗi haka, ka kawo layin, ka ga ra'ayinka ya tsaya da ƙafarsa.

Sauri ba gwaninta ba ce. Faransanci ko Turanci a baiti shi ma ba shaidar ƙwarewa ba ne, kamar yadda Hausa zalla ba ta wanke baiti maras kan gado.

Akwai masu auna kowa da Amurka. Gaskiya ne can abin ya samo asali, a unguwar Bronx ta birnin New York, inda ake danganta farkonsa da wani biki da DJ Kool Herc ya yi a 1973. Amma kunnen Bahaushe bai jira 1973 ba kafin ya san magana mai gudu a kan kiɗa. Muna da ƴan gambara, muna da kirarin ƴan kokawa da na mafarauta, muna da zambo da habaici, ga kuma waƙar fadar sarki irin ta Ma'azu Ɗan Alalo a nan garin. Idan yaro ya yi wa abokin hamayyarsa habaici ba tare da kama suna ba har duk fada ta gane, kada ka ce ya ji tsoro. Wata fasaha ce ta gida yake yi, da ma'auninta ya kamata a auna shi.

A ɓangaren fim, kuskuren da ya fi yi mini ciwo shi ne ɗaukar nuna abu a matsayin yarda da shi. Lokacin da Aïcha Macky, ƴar garin nan, ta fitar da fim ɗinta na 2021 kan samarin unguwar Kara-Kara, na ji wani dattijo a unguwarmu yana cewa an tona mana asiri a duniya. Na ce, "Baba, kun kalla?" Ya ce an dai ba shi labari. Fim ɗin na gaskiya ne, ba shiri ba, mutanen ciki da bakinsu suke magana kan rashin aiki, da fasa dutse, da safarar man fetur. Kana da damar ka ce ba ka ji daɗin yadda aka nuna wani wuri ba, amma tambayar da ta dace ita ce: an yi wa mutanen nan adalci? An bar su sun faɗi tasu? Wannan sai wanda ya zauna ya kalla zai amsa.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne haɗa ɗan wasa da rawar da ya taka. Matar da ta fito a muguwar kishiya har kika ji kamar ki shaƙe ta, ai aikinta ta iya, yabo ya kamace ta.

Masu kwatanta fim ɗin Kano da na Indiya ko Amurka su ce hoton bai kai ba, su ma su sassauta. Masana'antar Kano ta taso ne a wajajen 1990 da kaset ɗin bidiyo da kuɗin aljihu. Tambayi abin da kuɗi ba ya saye: labarin ya riƙe ka? Maganar da aka sa a bakin mutane haka ake yin ta a gida? Waƙar da aka saka ta tura labarin gaba ko tsayar da shi ta yi? Mu a Nijar ma muna da abin tunawa a nan, domin Oumarou Ganda ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka, a Wagadugu a 1972, ba da tarin dukiya ba. In kuwa fim ɗin fassara ka kalla, ka bambance tsakanin aikin masu fim da barkwancin mai fassara. Sau da yawa abin da ya ba ka dariya ko haushi babu shi a asalin fim ɗin.

Yawan masu kallo a YouTube yana nuna abin da ya yaɗu ne kawai. Kuma don Allah, in za ka rubuta ra'ayi a Facebook kan fim mai dogon zango, ka faɗa tun layin farko kashi nawa ka kalla, ka kuma gargaɗi mutane kafin ka fallasa ƙarshen labari. Akwai wanda sai ranar Asabar zai samu kuɗin sayen megas, wato data, ya sauke nasa.