Babi na Bakwai: Ajiye Kuɗin Ko-ta-kwana a Gida

Darasi na 1: Ranar da kuɗin banki suka ƙi fitowa

Barkanku da zuwa wannan babi. Kowa ya ɗauko fensirinsa da littafin rubutu. Za mu tafi a hankali, babu mai korar mu.

Kuɗin da kuka ajiye a banki naku ne, amma kafin su zo hannunku sai an bi ta kan wasu abubuwa: katin cirar kuɗi, na'urar ATM, waya, intanet da wutar lantarki. Idan ɗaya daga cikinsu ya tsaya, kuɗin suna nan amma ba su da amfani a wannan ranar. Kati yana ɓacewa, na'ura tana haɗiye shi, ana rufe asusu saboda wata takarda da ba a cika ba. Wani lokaci kuma matsalar ta ƙasa ce baki ɗaya. A shekarar 2015 an rufe bankunan ƙasar Girka har mako 3, mutum ba ya iya cirar fiye da yuro 60 a rana. A ranar 28 ga Afrilu, 2025, wuta ta ɗauke a Sifen da Fotugal, na'urorin biya da kati suka tsaya a shaguna da yawa, mai tsabar kuɗi a aljihu ne ya yi cefane cikin sauƙi.

Kuɗin ko-ta-kwana su ne tsabar kuɗin da aka ware a gida domin irin wannan rana kaɗai. Ba kuɗin cefanen kullum ba ne, ba kuma dukan abin da kuka mallaka ba ne. Kuɗin da aka sace a ɗaki ko suka ƙone sun tafi ke nan, saboda haka mafi yawan ajiyarku ta zauna a banki.

Darasi na 2: Nawa za a ajiye?

Kada ku tambayi maƙwabci nawa ya ajiye, gidanku daban, nasa daban. Ku buɗe sabon shafi, ku rubuta abin da gidanku ba zai iya kwana ɗaya babu shi ba. Kowane abu a layinsa, lambarsa a gefen dama. Lambobin da ke ƙasa na koyo ne kawai, ku sa naku na gaskiya.

Abinci: 250
Kuɗin mota: 80
Magani: 40
Katin waya: 30

Ku jera lambobin yadda sifilin ƙarshe zai zauna a ƙarƙashin sifilin ƙarshe. Idan layin ya karkace, lissafin ma zai karkace. Mu haɗa: 250 da 80 sun zama 330. A ƙara 40, ya zama 370. A ƙara 30, ya zama 400. Wannan shi ne kuɗin kwana ɗaya.

Matakin farko shi ne kuɗin kwana 3. Wanda bai saba da ninkawa ba ya rubuta 400 sau uku ya haɗa, zai samu 1,200. Idan kun kai wannan, sai ku nufi kwana 7, wato 2,800. Wanda ke da mara lafiya mai shan magani kullum, ko ƙaramin yaro, ya fara da lissafin maganin, don shi ne ba ya jira.

Ku kula da sifili. 120 daban, 1,200 daban, 12,000 daban. Ku ɗora yatsa ku ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ƙaramin waƙafi da ke bayan 1 yana nuna dubu ne, ba digo ba ne da ya faɗo daga fensir.

Ba sai a rana ɗaya za a tara ba. Kaɗan kaɗan a kowane mako ya isa.

Darasi na 3: Takardar lissafi

Wannan darasi ya fi sauran tsawo, kuma da gangan ne. A nan ne yawancin ɗalibai ke tuntuɓe, ba don ba su da basira ba, sai don hannu yana rigan fensir zuwa wurin kuɗi.

Ku samu takarda mai layi. Ku ja layi uku daga sama zuwa ƙasa. Layi uku suna ba da gida huɗu, ku ƙirga ku gani. A saman gida na farko ku rubuta RANA, na biyu SHIGA, na uku FITA, na huɗu SAURA.

SHIGA kuɗin da kuka zuba ne. FITA kuɗin da kuka ɗauka ne. SAURA shi ne abin da ke cikin ajiyar yanzu, bayan an zuba ko an ɗauka. Ku karanta kalmomin nan uku da babbar murya. SHIGA tana farawa da SH, FITA da F. Wanda har yanzu suke rikita shi ya zana alamar + a kan SHIGA, alamar - a kan FITA. Babu abin kunya a ciki.

Ga yadda takardar za ta kasance. 2/3 na nufin ranar 2 ga wata na 3, rana ce a gaba, wata a baya.

2/3 | SHIGA 500 | SAURA 500
9/3 | SHIGA 400 | SAURA 900
16/3 | SHIGA 300 | SAURA 1,200
21/3 | FITA 200 | SAURA 1,000

Ku dubi layin ƙarshe da kyau. Ga tsarin da za ku bi duk ranar da za ku taɓa kuɗin. Da farko ku ɗauko takarda da fensir, tun kafin ku buɗe wurin ajiya. Ku rubuta rana. Ku rubuta adadin a gidansa. Ku yi lissafi ku cika SAURA. Sai a lokacin ku ɗauki kuɗin. Daga nan ku ƙirga abin da ya rage a hannu, ku gwada shi da lambar da ke SAURA. Idan sun zo daidai, madalla, kun gama.

Rubutu kafin ɗauka. Ba bayan ɗauka ba, ba da daddare ba, ba gobe da safe ba.

Me ya sa muke nanatawa? Ranar da mutum zai buɗe wannan ajiya, hankalinsa a tashe yake, yaro ba lafiya ko mai mota na jira a waje. Zai ce idan ya dawo zai rubuta. Idan ya dawo ya gaji, bayan kwana biyu kuma ba ya tuna 200 ya ɗauka ko 300. Daga nan takardar ta fara ƙarya, ranar buƙata ta gaske kuma a buɗe a tarar da rabin abin da ake zato.

Kuskure na biyu shi ne rubuta lamba a gidan da ba nata ba. A ce kun ɗauki 200 amma kun sa ta a SHIGA. Lissafi zai ce 1,200 da 200, wato 1,400, alhali abin da ke hannu 1,000 ne. Gibin 400 ya bayyana, ba wanda ya saci ko sisi, amma an fara kallon mutanen gida da wani ido. Kafin ku zargi kowa, ku koma ku duba gidan da kuka sa lambar.

Kuskure na uku shi ne barin SAURA babu komai. Wasu suna cika RANA da FITA su rufe littafi, wai za su yi lissafin daga baya. Kowane layi sai an cika SAURA. Kowane layi. Layin da babu SAURA bai cika ba.

Mu gwada tare. SAURA 1,000 ne. Ranar 28/3 kun mayar da 200. Me za ku fara ɗaukowa? Fensir da takarda. A wane gida 200 za ta zauna? SHIGA. SAURA ya zama nawa? 1,200. Sai ku ƙirga kuɗin ku tabbatar. Wanda ya samu daidai, sannunsa da ƙoƙari. Wanda bai samu ba ya goge ya sake, don haka ne muka ce fensir, ba biro ba.

Kuma don Allah a daina cewa "ai ina riƙewa a ka". An sha faɗar wannan a aji, kuma masu faɗar su ne ke dawowa da takarda mai layi biyu bayan wata uku. Kun bar ayyukanku kun zo koyon rubutu, to ga wurin amfaninsa. Manya ne ku, bai kamata a yi ta bin ku a kan layi ɗaya na rubutu ba. Haka kuma ɗaukar kuɗin nan don baƙo ya zo, ko don an ga kaya masu araha, ba ko-ta-kwana ba ne, cin ajiya ne. Idan ma kun yi hakan, to ku rubuta.

Takardar ba ta kwana wuri ɗaya da kuɗin. Kada ku rubuta inda kuka ɓoye su a jikinta, kada kuma ku rubuta lambar sirrin katinku.

Darasi na 4: Waɗanne irin kuɗi?

Ku tara ƙananan takardu da matsakaita. Ranar da kowa ke neman tsabar kuɗi, canji ne ke fara ɓacewa, mai babbar takarda sai ya bar canjinsa ko ya sayi abin da bai yi niyya ba. Fiye da rabin ajiyar ya zama ƙananan takardu. Ku ware masu yagewa da waɗanda suka dafe ku kashe su yanzu, don a lokacin matsi mai kaya yana iya ƙin karɓa.

Ku riƙa sauraron labarai, gwamnati tana iya canza takardun kuɗi. A ranar 8 ga Nuwamba, 2016, Indiya ta soke takardun rufi (kuɗin ƙasar) 500 da 1,000 cikin dare ɗaya. Idan kun ji an sa wa'adi, ku kai naku banki da wuri. Idan kun fitar domin canzawa, wannan ma FITA ne, a rubuta.

Darasi na 5: Wurin ajiya

Abokan gaban kuɗin takarda su ne danshi, gara, ɓera, wuta da ɓarawo. Ku sa kuɗin a busasshiyar leda mai rufewa, ledar kuma a gwangwanin ƙarfe mai murfi. Kada ku ɗaure su da roba, tana narkewa ta manne a jikin takarda. Ku naɗe da guntun takarda. A nisanta su da wurin girki da kuma ƙasa mai jiƙewa.

Ƙarƙashin katifa da matashin kai nan ɓarawo ke fara dubawa. Aljihun tsohuwar riga ma ba wuri ba ne, ana iya kyautar da ita. Ku raba ajiyar gida biyu, a wurare biyu, ku gaya wa babban mutum ɗaya da kuka amince da shi, saboda rashin lafiya ko tafiya. Yara ba sa cikin wannan magana.

Darasi na 6: Dubawa

Sau ɗaya a wata ku buɗe, ku ƙirga, ku gwada da SAURA, ku duba ko danshi ya shiga. Bayan kowane wata 6 ku sake lissafin Darasi na 2, don farashi yana hawa, kuɗin kwana 7 na bara ba lallai su kai kwana 7 bana ba.

Darasi na 7: Mayarwa

Abin da aka ɗauka a mayar da shi da zarar banki ya dawo aiki. A rubuta a SHIGA.

Aikin gida: Ku ja gida huɗu a takarda. SAURA 900 ne. Ranar 5/4 an ɗauki 150, ranar 12/4 an zuba 250. Ku cika layi biyun, ku kawo mako mai zuwa.