Tsohon turaren maza: yadda ake gwada shi, fesa shi da adana shi

Masu cewa tsofaffin turarukan maza suna da kaifi ko suna hawa kai, galibinsu a minti biyar na farko suka yanke hukunci. Turarukan da aka haɗa tsakanin shekarun 1930 da 1980 an gina su ne hawa-hawa, su riƙa sauya fuska a jiki daga safe har yamma. Abin da hanci ya fara ji a bakin kwalba shi ne zai fara gushewa, wanda za ka yini da shi kuwa sai bayan awa guda yake fitowa sosai.

A fara da sunan da ake yawan kiransu da shi, wato kolon. Kalmar kolon daga birnin Kolon na Jamus ta fito, inda Johann Maria Farina, ɗan asalin Italiya, ya kafa sana'arsa a 1709, yana haɗa man ɓawon lemu da na bagamot (wani nau'in lemu) da ganyaye masu ƙamshi a cikin alkohol. Haɗi ne mara nauyi, mai sanyaya jiki, wanda ba ya wuce awa biyu. Yau kuwa, musamman a Amurka, kowane turaren namiji kolon ake ce masa, don haka abin da aka rubuta a ƙasan sunan shi za ka duba. Eau de Cologne na ɗauke da man ƙamshi kamar kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari, Eau de Toilette kashi 5 zuwa 15, Eau de Parfum kuwa 15 zuwa 20. Ƙiyasi ne, kowane kamfani da ma'auninsa. Mafi yawan tsofaffin da suka yi suna Eau de Toilette ne, kuma wasunsu sun fi Eau de Parfum na zamani kama jiki, saboda nauyin kayan da ke ƙasansu, wato ƙamshin da ke saura a ƙarshe.

Sanin dangin turare na rage wahalar zaɓe. Dangin da ya fi yawa shi ne wanda Faransawa ke kira fujer, daga Fougère Royale da Paul Parquet ya haɗa wa kamfanin Houbigant a 1882. Ƙafafunsa uku ne: furen lafanda a sama, sinadarin kumarin mai ƙamshin ciyawar da aka yanka ta fara bushewa, sai gansakukar da ke fitowa a jikin bishiyoyin dazukan Turai, mai ɗan ɗaci da ƙamshin ƙasa mai laima. Wannan ne ƙamshin sabulun aski da mutane ke ji su ce ƙamshin maza. Brut na 1964, Paco Rabanne Pour Homme na 1973, Azzaro Pour Homme na 1978 da Drakkar Noir na 1982 duk 'yan gida ɗaya ne. Dangin lemu sun fi kusa da kolon na asali: 4711, da Colonia na Acqua di Parma na 1916, da Eau Sauvage wanda Edmond Roudnitska ya haɗa wa Dior a 1966. Akwai masu ƙamshin jemammiyar fata irin Aramis, da masu saiwar betiba, 'yar uwar ciyawar jema, irin Vetiver na Guerlain. Wanda bai saba ba ya fara da dangin lemu ko betiba. Kouros na 1981 da Polo mai koriyar kwalba na 1978 su zo daga baya, don ba kowane hanci ke ɗaukarsu a karon farko ba.

Yadda ake gwaji

Kada ka gwada fiye da uku a zama ɗaya, daga nan hanci ya gaji, komai ya cakuɗe. Fesa kowanne a takardar gwaji, ka rubuta sunansa a jiki, ka bari daƙiƙa talatin alkohol ya tashi kafin ka kai hanci. Wanda ya tsira daga takarda shi za ka sa a fata: feshi ɗaya a wuyan hannu, wani daban a ɗaya hannun, ranar da ba ka shafa man jiki mai ƙamshi ba.

Sai haƙuri. Shinshina bayan minti goma sha biyar, lokacin da lemu da lafanda suka fara lafawa. Ka sake bayan awa guda, lokacin da kayan tsakiya, irin su kanumfari, kirfa da furanni, suka fito. Na uku bayan awa huɗu, kuma shi ne hukunci, domin a lokacin itace da miski da gansakuka ne kaɗai suka rage, su ne kuma za su zauna a rigarka. Idan a nan ƙamshin ya yi tsami, ko ya zama kamar hoda mai shaƙe maƙogwaro, bar shi ko da farkonsa ya burge ka. Zafin jiki, gumi da maiƙon fata sun bambanta, shi ya sa turaren da ya yi daɗi a jikin wani yake iya ƙin naka. Shinshina 'ya'yan kofi tsakanin gwaji da gwaji, kamar yadda masu sayarwa ke so, wani ƙamshin ne kawai ka ɗora wa hanci. Fita ka sha iska na 'yan mintoci, ko ka shinshina hannun rigarka inda turare bai taɓa ba.

Wajen fesawa, a nan gizo ke saƙa

Feshi ɗaya kamar kashi ɗaya cikin goma na mililita ne, wato kwalba mai mililita 100 za ta ba da kusan feshi dubu. Masu nauyi irin Kouros, Aramis da Polo, feshi ɗaya a ƙirji ƙarƙashin riga ya isa wurin aiki, biyu idan a sarari za ka yini. Fujer matsakaici, biyu zuwa uku: ƙirji da gefen wuya. Kolon na lemu kuwa don a yawaita aka yi shi, huɗu zuwa shida, a kuma ƙara da rana idan ya gushe. Riƙe kwalbar kamar santimita 15 daga fata. Kusa da haka sai ya taru wuri ɗaya ya gangaro, nesa da haka rabinsa ya bi iska. Idan kwalbar ta tsiyayawa ce ba ta da famfo, toshe bakinta da yatsa, ka kifa ta sau ɗaya, ka ɗiɗɗiga abin da ya taɓa yatsan a wuya.

Lokacin da ya fi shi ne bayan wanka, jiki ya bushe sarai. Busasshiyar fata ba ta riƙe ƙamshi, saboda haka a shafa ɗan mai mara ƙamshi a wurin tukuna. Goga wuyan hannu da wuyan hannu ba ya lalata turare kamar yadda ake yaɗawa, sai dai ɗumin gogayyar na sa saman ƙamshin ya gudu da wuri, kuma a turaren lemu saman ne abin da ka saya.

Kuskuren da ya fi ɓata wa tsohon turare suna shi ne ƙari. Bayan ɗan lokaci hancinka zai saba da ƙamshin ya daina kai maka labari, ka ɗauka ya tafi, ka ƙara uku, alhali wanda ke kusa da kai tuni kansa ya fara sarawa. Ma'auni mai sauƙi: wanda ya miƙo hannu ku gaisa ya ji shi, wanda ke can ƙarshen ɗaki kada ya ji. A lokacin zafi rage rabi, don zafi na tayar da ƙamshi da ƙarfi, ya kuma ƙone shi da sauri.

Kada a fesa a fatar da aka aske yanzu, alkohol ɗin zai yi raɗaɗi ya busar da ita. A tufafi ƙamshi ya fi daɗewa, amma turare mai duhun launi na barin tabo a farin yadi da siliki, sai a gwada a cikin kalmasa. Man bagamot da ba a tace ba yana ɗauke da sinadarin da kan ƙona fata ya bar baƙin tabo idan rana ta buga wurin. Haɗin zamani an rage masa wannan, tsohuwar kwalba kuwa a sa ta inda riga ke rufewa.

Adanawa da sayen tsohuwar kwalba

Haske, zafi da iska ne ke kashe turare. A bar kwalba a cikin kwalinta, a cikin kabad mai sanyi, ba a banɗaki ko bakin taga ko cikin mota ba. Man lemu ne ke fara lalacewa, sai ka ji tsami kamar na khal ko warin fenti a farkon feshi. Duhun launi kaɗai ba alamar lalacewa ba ne, masu banila sukan yi duhu su ci gaba da daɗi. Idan kwalba ta daɗe ba a taɓa ta ba, abin da ke cikin siririn bututun ne ke fara ɓaci: fesa uku ko huɗu a iska, sannan ka gwada. Ta koma ƙasa da rabi kuma ba ka yawan amfani da ita? Juye saura a ƙaramar kwalbar gilashi, iskar da ke kansa ta ragu.

Wanda ya san wani turare shekaru talatin baya, ya sayi sabo ya ji ƙasansa ya yi sirara, hancinsa bai yi ƙarya ba. Gansakukar nan na ɗauke da sinadarai biyu, atranol da kuloroatranol, masu jawo ƙaiƙayin fata ga wasu. Tarayyar Turai ta haramta su a dokar 2017, aka daina shigar da sababbin kaya masu su kasuwa a 2019, aka hana sayarwa gaba ɗaya a 2021. Kamfanoni suka koma ga tatacciyar gansakuka da makwafinta, ƙamshin ya fi haske, bai kai na da zurfi ba. Tsohuwar kwalba na da wannan zurfin, amma sau da yawa lemun samanta ya mutu, sai ka jure minti goma na farko.

Jabu kuma ya fi yawa a sunayen da suka shahara. Duba lambar haɗi da ke ƙasan kwalba, ta yi daidai da wadda ke jikin kwali. Murfi ya zauna daram, rubutu ya fito tsaf ba ya gogewa da farce. Masu jabu sun iya kwaikwayon minti biyar na farko, ƙasan ne ke gagararsu, don haka fesa a hannu ka jira rabin awa: in ya koma warin alkohol da ɗan zaƙi mara tushe, mayar musu da kayansu.