Yadda Ake Zaɓen Tauraron Teku Wanda Ba Zai Cinye Murjani Ba

Mai kiwon halittun teku a tankin gilashi a Kano yana da nisa da teku, kuma kusan duk abin da zai saka a tankinsa sai ya yi doguwar tafiya kafin ya iso hannunsa. Saboda haka zaɓen tauraron teku, wato dabbar nan ta teku mai siffar tauraro, yana bukatar natsuwa, domin wasu nau'o'in suna cin murjani mai rai (ƙananan halittun teku da suke rayuwa manne a jikin dutse), wasu kuma yunwa ce take kashe su a hankali ba tare da mai tankin ya lura ba.

Mataki na farko shi ne a duba tankin kafin a duba dabbar. Ya kamata tankin ya kai aƙalla wata 6 yana aiki, da duwatsun teku masu rai isassu, domin yawancin taurarin nan suna kiwo ne a kan siririn gansakuka da ƙananan halittun da suke tsirowa a jikin dutse. Gishirin ruwan ya tsaya kusa da 1.025 a ma'aunin nauyin ruwan gishiri, zafinsa kuma tsakanin digiri 24 zuwa 26. A nan ne yanayin Kano yake da wuya: zafin bazara yana haura digiri 40, ga ɗaukewar wuta, shi kuma hunturu da bushewar iskarsa yana ƙafar da ruwa, gishirin ya ƙaru. Tauraron teku ba ya iya daidaita gishirin jikinsa yadda kifi yake yi, don haka duk wanda ba shi da inbata ko sola, kuma ba ya cika tankin da tataccen ruwa marar gishiri kullum, gara ya dakata tukuna.

Mataki na biyu shi ne sanin nau'in da sunansa na kimiyya, ba da launinsa ba. Wanda ake kira Protoreaster nodosus, mai ƙuraje baƙaƙe a bayansa, da ɗan uwansa Protoreaster linckii mai jajayen ƙaho, suna da kyawun gani, amma suna hawa kan murjani mai laushi su cinye shi, don haka ba su da gurbi a tankin murjani. Ƙananan jajayen taurari na jinsin Fromia ba sa taɓa murjani, kuma ba sa girma sosai. Shuɗin tauraro Linckia laevigata shi ma ba ya ɓarna, sai dai yana kai kusan santimita 30, yana bukatar babban tanki wanda ya daɗe, kuma da wuya ya jure sufuri. A ganina bai dace da mai farawa ba. Wanda ya fi sauƙi shi ne mai dogayen hannuwa sirara kamar maciji, irin jinsin Ophioderma, wanda yake ɓuya a ƙarƙashin dutse ya fito ya kwashe ragowar abinci, har ana iya miƙa masa ɗan guntun jatan lande. Amma a guji koren nan, Ophiarachna incrassata, domin da dare yana kama ƙananan kifaye.

Mataki na uku a wurin mai sayarwa ne. A ɗauki lokaci a dubi jikin dabbar da kyau: hannuwanta su kasance da ƙarfi, babu farin tabo, babu wurin da naman yake narkewa, ƙananan ƙafafun da suke ƙarƙashinta kuma suna riƙe da gilashi gam. A tambayi ko an taɓa zuba maganin kifi mai sinadarin jan ƙarfe a ruwan, domin yana kashe irin waɗannan halittu. Haka nan a tuna cewa talibamban na teku yana cizon taurari.

Mataki na ƙarshe shi ne sabar da shi da sabon ruwa. A zuba shi tare da ruwan ledarsa a bokiti mai tsabta, a ja siririn tiyo daga tankin, a ɗaure bakinsa yadda ruwan zai riƙa ɗiga ɗaya bayan ɗaya har awa 2 zuwa 3. Bayan nan a ɗauke shi a cikin kofi da ruwa a ajiye shi a kan dutse, sannan a riƙa duba shi kullum a makonnin farko, domin lahanin sufuri yakan ɗauki kwanaki kafin ya bayyana.