Fankar Kilim Ta Tsaya? Fara Da Kondansatar Kafin Ka Sayi Sabon Inji

A Damagaram, daga watan Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma a lokacin ne kilim, na'urar sanyaya ɗaki, ke nuna halinsa. Da ya daina sanyi sai ka ji an ce "gaz ya ƙare". Sau da yawa gaz na nan daram, fanka ce ta tsaya.

Kilim mai gida biyu yana da fanka biyu: doguwa mai kamar ganga a cikin ɗaki, da mai fukafukai a akwatin waje. Kunna shi, ka jira minti 3, don kwamfuresa, injin da ke matsa gaz a akwatin waje, ba ya tashi nan take. Sannan ka fita waje ka saurara. In kwamfuresa na ruri amma fukafukai ba sa motsi, kashe shi maza. Ba iskar da za ta kwashe zafi, kwamfuresa zai yi ta zafi yana yankewa, in aka matsa masa ya ƙone, kuma shi ne mafi tsada a cikin kilim ɗin.

Sauke dijonktar, makunnin da ke yanke wuta, kada ka dogara da telekomand. Juya fukafukan da hannu. In sun yi nauyi ko suna ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, boris ne, abin da sandar injin fanka ke juyawa a kai, ya bushe, aikin ƙurar hunturu ke nan. Leƙa kuma ko leda ta naɗe sandar, ko zanzaro ya yi gini, ko ƙadangare ya mutu a kan wayoyi. Wannan na ƙarshe ya fi yadda ake zato yawa.

In sun juya sakayau, to ido ya koma kan kondansatar. Ita ke tunkuɗa injin fanka ya tashi, kuma zafi da hawa da saukar wuta su ke kashe ta. Alamarta sananniya ce: in an mayar da wuta, injin na gunji, fanka ba ta juyawa, amma in ka tura fiffike ɗaya da siririn kara ta cikin raga sai ta kama gudu. Da kara, ba da yatsa ba.

Ta fankar waje ƙarama ce, galibi baƙa mai kusurwa huɗu, tsakanin 1.5 da 3.5 µF (ma'aunin girman kondansatar), 450V. Ta kwamfuresa kuwa gwangwani ce babba. A wasu kilim an haɗa su a gwangwani ɗaya mai baki uku: C, HERM da FAN. Sake sauke dijonktar, ka ɗauki hoton wayoyin kafin ka cire komai. Kondansatar na riƙe wuta ko an kashe kilim, don haka ka haɗa bakunanta da turnabis mai mariƙin roba ta sauke. Auna ta da mita a kan µF. In an rubuta 2.5 ka samu 1.6, ta gama aiki, ko da ba ta kumbura ba. Tafi da tsohuwar zuwa Kasuwar Dole ko shagon kayan sanyi ka nemo mai lamba iri ɗaya. Volt ɗin zai iya fi, amma kada ya gaza. Masu cewa "sa babba ta ƙara gudu" suna dafa wayar injin ne a hankali.

An canza, shiru? Auna ko 220V na isa injin. In ba ya isa, laifin na waya ne ko katin lantarki. In yana isa, kashe wuta ka auna wayoyin injin uku a kan om (Ω a jikin mita), bibbiyu. Ƙananan lambobi biyu in an tara su ba da babbar. In mita ta nuna a yanke, bari injin ya huce tukuna, don akwai makarin zafi a cikinsa. In ya huce bai dawo ba, sai sabo, mai wat da gudu daidai da na jikin takardar tsohon. Kula da notin fukafukai, a wasu bai-bai ake kwance shi.

Fankar ciki yawanci datti ne matsalarta. Ragar tace iska ta toshe, ganga ta cika da ƙura, iska ta ragu, ƙanƙara ta kama bututu. Wanke raga duk mako biyu a hunturu.

Kilim inbata, mai rage ko ƙara gudun kwamfuresa da kansa, daban ne. Yawancinsu fankarsu ba ta da irin wannan kondansatar, kuma katinsu na riƙe sama da 300V bayan an kashe. Rubuta lambar da ta fito a allonsa, ka kira wanda ya san kati.