Yadda Ake Mayar da Bas Ɗakin Kwana ga Mai Cin Kasuwannin Ƙauye

Ɗan kasuwar da ke cin Maigatari ranar Alhamis, ya kuma so ya wayi gari a Wudil ranar Juma'a, ya san wahalar kwana a kan kujerar mota ko a kan tabarma a gindin taya. Tsohuwar bas irin Toyota Hiace tana iya zama makwanci mai kyau, kuma mafi yawan aikin mutum zai yi shi da hannunsa a ƙofar gida, sai ɗan abin da za a kai wa mai walda. Abin da nake jan hankali a kai shi ne tsarin aikin, domin da yawa suna farawa da gado da katifa, alhali zafi da iska ne ya kamata a fara magancewa.

Bayan an kwance kujerun baya, a ɗaga shimfiɗar ƙasa a duba tsatsa, musamman a bakin ƙofa da saman tayoyin baya. A kankare ta da burushin ƙarfe, a shafa jan fentin hana tsatsa, a bari ya bushe sarai. Kafin a huda ƙasan motar ko da sau ɗaya ne, a leƙa ƙarƙashi a ga inda tankin mai da bututun burki da wayoyi suka bi. Idan za a yi walda, a cire kan batir tukuna.

A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi a ƙasar Kano da Jigawa yakan wuce digiri 40, kuma motar da ta wuni a rana takan riƙe wannan zafin har tsakar dare, kamar tanderun mai burodi. Farin fenti a saman rufi shi ne magani mafi arha, saboda yana mayar da hasken rana. Daga ciki kuma a liƙa farin soson nan mai tauri, irin wanda ake tallafe firji da shi a kwali, a tsakanin ƙarafan rufi da na bango, sannan a rufe shi da siririn falanki. Wannan kaɗai ba zai wadatar ba sai iska ta sami hanya. Iska mai zafi sama take tashi, don haka a buɗe mata mafita a rufi ko a saman ƙofar baya, a sa ƙaramar fanka mai jan iska waje, a bar wata kafa a ƙasa-ƙasa inda sabuwa za ta shigo. Duk kafar da aka buɗe a sa mata raga saboda sauro, a kuma toshe gefen hudar rufi da gam mai hana ruwa, in ba haka ba ruwan farko na damina zai jiƙe katifar.

Gadon bai buƙatar dogon bayani. A yi masa ƙafafu da ƙaramin bututun ƙarfe, wanda ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, a ɗaure shi da noti a jikin mota, a bar ƙarƙashinsa ya zama ma'ajiyar kaya. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Jarkar ruwa mai lita 25 tana da nauyin kilo 25, kuma idan ba a ɗaure ta ba, taka burki da ƙarfi zai wurgo ta kan direba.

Wutar lantarki ita ce ke son lissafi. Kada a jona fanka da fitila a batirin da ke tayar da mota. A sayi na biyu. Batir mai ruwa na bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da wutar da ta kai wat 1,200 na awa ɗaya, amma rabinta kawai ya kamata a sha idan ana so ya daɗe. Fanka mai wat 20 da ta kwana tana juyi awa takwas ta ci wat 160, ƙananan ƙwayayen fitila biyu da cajin waya ba za su kai hakan ba, saboda haka faifan sola guda mai wat 150 a saman rufi zai iya mayar da abin da aka sha a wuni ɗaya. Tsakanin faifan da batirin dole a sa na'urar daidaita caji, a kuma sa fiyus dab da kan batirin, domin wayar da ta goge a jikin ƙarfe ba tare da fiyus ba ita ce ke haddasa gobara. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. Batir mai ruwa yana fitar da iskar da ke kama wuta lokacin caji, don haka akwatinsa ya sami kafa zuwa waje. Da hunturu a riƙa goge ƙurar faifan kowace safiya.

Girki kuwa a waje za a yi shi. Kurfotin gawayi ko risho ko janareta a cikin rufaffiyar mota suna fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mai barci bai farka ba, kuma a daren sanyi ne mutane suka fi shigar da garwashi ciki. A yi rumfar tamfol da ake maƙalawa a gefen kariya, wato ƙarfen ɗaura kaya na saman mota, da sanduna biyu, a girka a ƙarƙashinta, sanyin kuma a tare shi da bargo.

Da an kammala, a loda motar yadda za ta riƙa tafiya, a zaga da ita a kan hanyar burji, a saurari abin da ke ƙara a sake ɗaure shi. Sannan a je ofishin jami'an duba lafiyar motoci da takardu, a tambayi abin da doka ta tanada game da motar da aka cire wa kujeru, kafin a hau babban titi.